Yadda za ka gane tsawon gefe na uku a alwatika

Akwai wata tambaya da take yawan kayar da ɗalibai a jarrabawar lissafi, za a ba ka gefe biyu na alwatika, misali santimita 7 da santimita 12, sai a ce ka faɗi tsawon da gefe na ukun zai iya kaiwa. Nan take sai ka ga yaro ya ruga wajen fomular Fitagoras alhali ba wanda ya ce masa akwai kusurwa mai digiri 90, kuma wallahi abin bai kai haka ba.

Ƙa'idar guda ɗaya ce tal, duk gefe biyun da ka haɗa dole su fi na ukun tsawo. Ni na fi son mutum ya gani da idonsa kafin ya haddace. Ka samo tsinke uku, ka auna da rula ka karya su 3 da 4 da 8, ka kwantar da na 8 ɗin a kan tebur, ka ɗora sauran biyun a bakinsa ɗaya dama ɗaya hagu. Duk yadda ka karkata su kawunansu ba za su haɗu ba, ko ka kwantar da su gaba ɗaya akwai giɓin santimita 1 a tsakani.

To mu koma kan 7 da 12. Ka tara su, 19 kenan. Ka cire ƙaramin daga babban, saura 5. Gefe na uku yana tsakanin 5 da 19, amma fa a kula, su 5 da 19 ɗin ba sa ciki, don in ka ɗauki 19 tsinkayen kwanciya za su yi su zama miƙaƙƙen layi kawai, ba alwatika ba. In an ce cikakkun lambobi ake so, daga 6 ne zuwa 18, guda 13. In kuma ba a ce ba, har 5.5 ma ta yi.

Idan lambobi uku aka ba ka aka ce ka faɗi ko za su yi alwatika, ba sai ka wahala ba, haɗa ƙananan biyun ka gani ko sun wuce babban.

Inda aka fi zamewa shi ne alwatika mai gefe biyu daidai, a ce an ba ka 4 da 9 amma ba a faɗi wanda ya zo sau biyu ba. Wasu sai su rubuta 4, 4, 9, alhali 4 da 4 ai 8 ne, bai kai 9 ba. Amsar ita ce 9, 9, 4, kewayensa 22.