Yadda za ka haɗa C++ da Blueprint a Unreal ba tare da ka rikita aikinka ba

Blueprint fa, wato tsarin Unreal na tsara wasa ta hanyar jona akwatuna da wayoyi maimakon rubuta kod, ba ya ganin komai na cikin C++ sai abin da ka sa wa alama da kanka. Tun da Epic Games suka kawo shi a Unreal Engine 4 a 2014 ya gaji tsohon tsarinsu Kismet haka abin yake, akwai wani Unreal Header Tool da ke bin fayilolin .h kafin a yi kompayil yana neman alamomin nan irin su UPROPERTY da UFUNCTION, wanda ba ka sa wa ba toh a wajen Blueprint babu shi kwata-kwata.

Mu ɗauki ran ɗan wasa, wannan da ke raguwa in an harbe shi. A fayil ɗin .h ka rubuta:

UPROPERTY(EditAnywhere, BlueprintReadOnly)
float Rai = 100.f;

Da gangan na ce ReadOnly. In ka sa BlueprintReadWrite kowane Blueprint zai samu damar canza lambar, ranar da rai ya koma sifili haka kawai sai ka wuni kana bin wayoyi kana neman wanda ya taɓa shi, wallahi ba daɗi. Gara ka bar ƙofa ɗaya:

UFUNCTION(BlueprintCallable)
void RageRai(float Adadi);

Duk mai son rage rai ya bi ta nan, lissafin yana cikin C++, shikenan.

Toh in rai ya canza ya za a yi sandar da ke kan allo ta sani? Da yawa Event Tick suke kamawa su riƙa duba lambar a kowane firem, sau 60 a daƙiƙa ɗaya in wasan na gudu haka, alhali ƙila minti biyu ba a taɓa ɗan wasan ba. Ka bari C++ ya yi shela kawai:

DECLARE_DYNAMIC_MULTICAST_DELEGATE_OneParam(FRaiYaCanza, float, SabonRai);

Wannan layin a saman kilas ɗin yake zama, a ciki kuma ka yi UPROPERTY mai BlueprintAssignable na nau'in FRaiYaCanza, a ƙarshen RageRai ka kira Broadcast ka miƙa masa Rai, can a widget ɗinka, wato Blueprint ɗin sandar ran, ka yi Bind Event sau ɗaya. Kar ka cire kalmar DYNAMIC ɗin nan, in babu ita kompayil ma ba zai wuce ba.

In kuma so kake C++ ya ce "ya mutu" mai zane ya zaɓi sauti da hayaƙin da za su fito, BlueprintImplementableEvent za ka sa a cikin UFUNCTION, ba ka rubuta masa komai a .cpp. BlueprintNativeEvent shi yana da nashi aikin a C++, sunan ne kawai za ka ƙara wa _Implementation.

Akwai tarkuna. uint32 ba ya shiga Blueprint, yi amfani da int32. TArray cikin TArray ma haka, sai ka naɗe na cikin a USTRUCT mai BlueprintType. Wanda ya fi ruɗa sabbin shiga shi ne in ka miƙa wa UFUNCTION abu da alamar & babu const, maimakon ya fito ta hagu a matsayin abin shigarwa a akwatinsa na Blueprint sai ka gan shi ta dama a matsayin abin fitarwa, maganin ka sa UPARAM(ref) a gabansa.

Kuma in ka taɓa .h, rufe edita ka gina daga Visual Studio ko Rider sannan ka buɗe. Live Coding, wato yin kompayil edita na buɗe, ka bar shi ga ƙananan gyare-gyaren .cpp.