Yadda nake samo naman shanun ruga wanda magani ya bar jikinsa

Wata tsokar cinya ce ta sa na fara bin diddigin naman da ke shiga tukunyar gidana. Ana gobe sunan ɗiyar ƙanwata na sayo ta, jajir gwanin sha'awa. Uwargida na cikin yanka sai wuƙa ta faɗa wani gurbi mai tauri, rawaya-rawaya, gefensa ya yi duhu, yana tashin wari irin na shagon magani. Ta leƙo ta ce, “Malam, zo ka ga abin da ka sayo mana.” Na ƙunshe wurin a leda na kai wa wani abokina malamin dabbobi. Ko juya shi bai yi sau biyu ba ya ce wurin allura ne, kuma ba a daɗe da yin ta ba. Ranar kaji muka koma nema.

Masu karatu a ƙasashen waje sun saba ganin nama a kanti da rubutu a jikin ledarsa: wannan ciyawa kawai ya ci, wannan ba a ba shi sinadarin ƙara girma ba, wannan bai taɓa shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Suna da dalilin rubutawa. A Amurka doka ta yarda a dasa wa sa wata 'yar ƙwayar homon a ƙarƙashin fatar kunne don ya yi saurin girma, abin da Tarayyar Turai ta hana har ta daina karɓar irin wannan nama tun 1989, sannan a 2006 ta hana zuba antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, a abincin dabbobi don kawai su yi ƙiba. Mu a nan babu leda mai rubutu, tebur ne da wuƙa da mahauci. Sai dai mun fi su sa'a ta fuska ɗaya: akasarin shanunmu da ƙafarsu suke neman abinci a daji, kuma dashen kunnen nan ba al'adar makiyayanmu ba ce. Inda gizo ke saƙar wuri biyu ne, allura da turke.

Allurar da ta fi yawo ita ce oxytetracycline, maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ruwan zuma ɗin nan da ake kira LA. Ranar kasuwa za ka gan ta a shimfiɗe a rana tare da maganin sammore (ciwon da ƙudan tsando ke sa wa shanu) da na tsutsa, kuma makiyayi da kansa yake yi. Ni ban ga laifin wanda saniyarsa ta kwanta ya yi mata magani ba, dukiyarsa ce, kuma barin dabba cikin ciwo ba abin yabo ba ne. Laifin yana wajen yanka ta kafin maganin ya fita. A jikin kowace kwalba akwai kwanakin jira da kamfani ya rubuta, na LA yawanci mako uku zuwa huɗu ne, wasu magungunan tsutsa sun fi haka. Mutane kaɗan ne ke karantawa. Har akwai masu yi wa dabba allura ana saura kwana biyu kasuwa don ta warware ta yi kyan gani. Ragowar maganin ya fi taruwa a ƙoda da hanta da wurin da aka soka, kuma wuta ba ta cinye shi duka. Wanda jikinsa ba ya son maganin yana iya shan wahala, sannan yawan haɗuwar ƙwayoyin cuta da ɗan guntun magani shi ke koya musu taurin kai, har ranar da za a buƙaci maganin a asibiti ya ƙi ci.

Turke kuwa sana'a ce mai kyau, ni ma na taɓa yi. A ɗaure sa wata uku ko huɗu ana ba shi dusa da harawa da kowa da angurya, ya murje. Wanda ya tsaya a nan bai cuci kowa ba, illa dai naman ba na ciyawa zalla ba ne. Amma akwai masu haɗawa da dexamethasone, dangin ƙwayar da ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, wadda ke sa jiki ya riƙe ruwa ya kumbura. Ka ga sa kamar ya fashe, a yanka a ɗora a wuta ya tsiyaye ya koma rabi.

To daga ina ake farawa? Idan kilo ɗaya ko biyu kake saye, ba ka da zaɓi sai mahauci, don haka ka tsayar da guda ɗaya ka riƙe shi. Wanda yake zuwa kara da kansa ya sayo ya yanka ya fi wanda yake sarin nama a kwata sanin abin da yake sayarwa. Ka je da sassafe kafin a daddatsa. Dubi kitsen: na saniyar da ta sha ɗanyar ciyawa yakan ja zuwa rawaya, na turke yakan fi fari da kauri, ko da yake tsufa ma yana sa kitse rawaya. Ka sa a tsaga maka tsokar cinya da ta wuya a gabanka, nan ake yawan soka allura. Naman da ke zubar da ruwa a kan tebur tun ba a taɓa shi ba, bar shi. Iyakar abin da ido zai gaya maka ke nan, kuma bai kai rabin labari ba, domin nama yana iya ɗauke da magani ya yi kyau sumul.

Shi ya sa na koma watanda. Mu goma sha biyu ne a layinmu, muna haɗa kuɗi mu sayi sa guda da ransa, a yanka a kasa kashi-kashi. Da ma an saba yi da salla, mu dai mun mai da shi sau uku a shekara. Amfaninta a wannan batu shi ne kana ganin dabbar tana tafiya kafin ta zama nama, kuma kai ke sa ranar yanka.

Shekarun farko kasuwar Wudil muke zuwa ranar Juma'a. Wanda yake kusa da Maigatari yana da ta Alhamis, na Potiskum yana da ta Laraba. A irin waɗannan manyan kasuwanni ba ka rasa abin saye, amma saniya takan bi hannu uku ko huɗu kafin ta iso gabanka, kuma dillali la'adarsa yake nema. Duk abin da ka nuna kana so, shi zai ce maka ita ce. Idan kara za ka shiga, ka tafi da wanda ya san shanu, ka ce a haɗa ka da mai dabbar kansa, kuma ko nawa ne kar ka fito ba da takardar shaidar ciniki ba. Zamanin satar shanu ne, araha tana iya kai mutum ofishin 'yan sanda.

Hanyar da ta fi yi mini daɗi daga ƙwaryar nono ta ɓullo. Akwai wata dattijuwa da ta shekara da shekaru tana kawo mana nono da man shanu. Wata rana na ce, “Inna, a rugarku ba a sayar da sa ne?” Ta yi dariya ta ce ana sayarwa mana, in buƙata ta taso. Bayan mako biyu ta zo da ɗanta, shi ya kai mu. Duk mai son shiga ruga ya bi ta irin wannan hanya, ko ta hannun Arɗo ko mai unguwar ƙauyen da ke kusa, da rana tsaka, kuma a yankin da aka san lafiya lau ne. Inda babu tsaro a bar wa Allah, a ce su koro dabbar zuwa ƙaramar kasuwar ƙauye a haɗu a can.

Tambaya ma sai an iya ta. Zuwana na farko na ce wa maigidan, “Baffa, an taɓa yi masa allura?” Ya ce sosai ma kuwa, ai ba ya wasa da lafiyar dabbobinsa. Shi a ganinsa yabon kayansa yake yi. Da ya lura fuskata ta canja sai ya ce, to, ai wancan ne aka yi wa, ba wannan ba. Daga ranar na daina tambaya kai tsaye. Yanzu sai an gaisa, an sha fura, an taɓa hirar damina, sannan in ce, “Bana wane ciwo ya fi damun garken?” In ya ce boru (ciwon baki da kofato) ko ciwon huhu ko sammore, sai in tambayi wane magani ya fi yi musu aiki, a ina yake saye, wane wata ne abin ya lafa. A cikin hirar lissafin zai fito da kansa. Yaran da ke bin shanun kuwa sun fi kowa sani, kuma ba su iya ɓoye-ɓoye ba.

Bayan hira sai duba. Ina shafa wuyan sa ta gefe biyu da kuma ɗuwawunsa, ina neman kumburi ko wani ƙullutu mai tauri a ƙarƙashin fata. Ina kallon hanci, na mai lafiya da danshi yake, ba majina. Ina son in gan shi yana tuƙa, in ga tafiyarsa. Kofaton wanda ke yawon kiwo a goge yake, na wanda ya daɗe a ɗaure sau da yawa yakan yi tsawo. Sai a buɗe baki: haƙoran gaba na ƙasa guda 8 ne, kuma manyan da suka maye gurbin na nono su ke nuna shekaru. Mai manya biyu ko huɗu matashi ne, namansa da taushi. Wanda duka suka fito har suka fara cinyewa ya manyanta, sai a shirya itace. Kuma kar a je ruga da idon turke. Sa irin Bunaji ko Rahaji da ya tashi a daji ba zai cika ido kamar irin Bokolo ɗan turke ba, ƙirarsa ke nan. Abin nema shi ne jiki a ɗaure, gashi a kwance, tozo a tsaye.

Wata saniyar kuma da ake ruɗar mutane da ita ita ce mai yawo a cikin gari. Ba a ɗaure take ba, gaskiya ne, amma bola take kiwo. Na taɓa tsayawa aka farke tumbin irin wannan, ledar da aka zaro ta cika bokiti.

Duk wannan bincike bai kai abu ɗaya muhimmanci ba, wato jira. Ba wanda zai rantse maka cewa sa mai shekara uku bai taɓa ganin allura ba, in ma ya rantse ba ka da hanyar tabbatarwa. Abin da ke hannunka shi ne watan ƙarshe. Mu in mun biya, ko dai mu bar shi a garken da sharaɗin cewa in ya yi ciwo a kira mu kafin a taɓa shi, ko mu kawo shi gidan ɗaya daga cikinmu mai fili, ya yi kwana 30 zuwa 35 yana cin ciyawa da harawa da ruwa mai kyau. Na fi son na biyun duk da wahalarsa, don idona na kai. Kuɗin harawar a cikin watandar ake lissafa shi tun farko, in ba haka ba rigima ce. Sau ɗaya san ya kamu da zawo a hannunmu, malamin dabbobi ya yi masa magani, muka sake ƙirga daga ranar. Biyu daga cikinmu suka yi fushi suka karɓi kuɗinsu, muka maye gurbinsu.

Lokaci ma yana da nasa. Naman shanun ruga ya fi kyau daga ƙarshen damina zuwa kaka, wajen Oktoba zuwa Disamba, sun ƙoshi da ciyawa sun kuma shiga gonakin da aka girbe. Daga Maris zuwa Mayu kuwa ƙashi da fata ne, kuma lokacin ne aka fi ɗura musu magani don su kai damina. In babbar salla ta faɗo a bazara, duk san da ka gani ya yi ɓul-ɓul to daga turke ya fito, sai a nemi mai turken da aka sani, a je gidansa a ga abin da ke cikin kwamin.

Ranar yanka muna kiran malamin dabbobi mu biya shi, ko mu kai kwata inda ma'aikatan duba nama suke. Huhu yake fara dubawa saboda tarin fuka, sai hanta ya tsaga ya ga ko da tsutsa, wadda ta fi kama shanun da ke kiwo a fadama. In ya ce a zubar da hanta, a zubar, ko da tsohon layin ya ce ai gashi zai kashe komai. Mahaucin da ya yi fiɗa kuma a sallame shi da kuɗi a fili, kar a bar shi ya biya kansa da wuƙa.

Abu na ƙarshe na uwargida ne. Naman daji ya fi tauri don dabbar ta yi tafiya, kitsensa kuma kaɗan ne. Ranar da aka yanka ba ta dafa tsokar, kayan ciki take fara yi mana farfesu. Tsokar takan kwana ɗaya ko biyu a firji, in an yi sa'ar wuta, kafin ta ƙulla ta leda-leda ta sa a firiza. Wajen dahuwa wuta kaɗan take sa masa, da albasa da citta, ba ta yi masa gaggawa. Kason gidana yakan kai mu wata biyu in ba a yi baƙi ba. Na wannan karon yana can ɗaure a bayan gidan maƙwabcina, farin Bunaji mai manyan haƙora huɗu, yau kwanansa 19.