Ciwon ƙirji: kurakuran da ke sa a makara zuwa asibiti

Wani kuskure da ake yi a Yamai shi ne mutum ya zama likitan kansa. Ƙirji ya ɗaure, sai a ce "ai olsa ce", a jiƙa kanwa a sha, a kwanta. Gaskiya ne gyambon ciki da ƙwannafi suna ƙona ƙirji, haka ma ciwon tsoka, ciwon huhu da tarin fuka. Amma na zuciya yana da kamanninsa: nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an aza buhun gero, ya bi hannun hagu, wuya, muƙamuƙi ko baya, ga zufa mai sanyi, ga numfashi sama-sama. Jijiyar da ke ciyar da zuciya ce ta toshe, kuma muddin ana jira naman zuciyar mutuwa yake yi. In an zauna ƴan mintuna bai lafa ba, a kira SAMU, masu motar agajin gaggawa, a lamba 15, ko a sa mutum a taksi zuwa Babban Asibitin Ƙasa. Kada ya hau babur da kansa, kada a ce sai gari ya waye. A can, gwajin ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura, na ƴan mintuna ne.

Wasu kuma jira suke sai ciwon ya yi tsanani. Mai ciwon suga, tsoho, da mata da yawa ba sa jin sa sosai. Kasala ce kawai, tashin zuciya da haki.

Sai sayen ƙwaya wurin masu talla a bakin kasuwa, wadda rana ta gasa a tire. Magungunan rage zafin ciwo irin su diklofenak da ibuprofen suna ɗaga hawan jini, suna kuma ƙara wa gyambon ciki wuta.

Batun tansiyo, wato hawan jini, ya fi ba ni haushi. An auna an ga 14 kan 9 ko fiye, an rubuta magani, mutum ya sha wata ɗaya ya ji garau, ya ajiye. Hawan jini ba ya sallama, ba kuma ciwon kai ke nuna shi ba, awo ne. Maganin sai likita ya ce a canza. Gishiri kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi da ke cikin miya da yaji yana cikin lissafin.

A gidan mai jego ma ana sake. Ƙafa ta kumbura, mai jegon ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da matasai, tari da dare, sai iyaye su ce jego ne, a ƙara kunun kanwa. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Akwai raunin zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa, kuma sananne ne a ƙasar Hausa. A dakatar da kanwar, a kai ta asibiti a yi mata hoton zuciya.