Yadda Ake Tono Tarihin Tsohuwar Silima

Na daɗe ina bin sawun gidajen silima da suka mutu, kuma kuskurena na farko shi ne fara neman takarda. Wata guda na yi ina juya tsofaffin fayil, ban fito da komai ba sai mura da sunaye biyu. In za ka yi wannan aiki, fara da ginin, takarda ta biyo baya.

Silima ba ta iya ɓoye kanta, ko an mayar da ita sito ko zauren biki. Nemi doguwar katanga marar taga, da ƙofofin gefe masu faɗi da ke buɗewa waje, waɗanda aka yi don jama'a su fice da sauri in gobara ta tashi. In an bar ka ka shiga, kwantar da kwalba a ƙasa. Matuƙar ba a sake daɓen ba, za ta gangara, kuma inda ta nufa nan allo yake. Sai ka juya ka ɗaga kai. Can sama jikin bangon baya akwai 'yan ƙananan tagogi, ko an toshe su da siminti shatinsu na nan. Bayansu ɗakin majigi yake. Ni dai nan nake fi daɗewa.

A wancan zamani, inji biyu ake girkawa a ɗakin, kowanne da tagar da haske ke fita da wadda ofareta, wato mai haska fim, ke leƙawa. Faifai ɗaya na fim mai faɗin milimita 35 bai wuce minti 20 da 'yan kai ba, don haka fim ɗin awa biyu yakan zo a faifai kamar shida. Kafin faifai ya ƙare, wani ɗigo kan bayyana sau biyu a kusurwar sama ta dama ta allo. Na farko, ofareta ya tayar da ɗaya injin. Na biyu, bayan 'yan daƙiƙoƙi, ya sauya haske. In gwani ne, 'yan kallo ba su ma san an yi ba. In ya yi gyangyaɗi, allo ya yi fari, ihu ya tashi.

Ɗakin nan zai taimaka maka wajen ƙiyasta shekaru. In ka ga bango mai kauri da murafen ƙarfe da ke rufe tagogin, wataƙila ginin ya riski zamanin fim ɗin naitiret, wanda ke kamawa da wuta kamar fetur, har aka daina yin sa a farkon shekarun 1950. In akwai bututun hayaƙi ta rufi, an yi amfani da fitilar sandunan kabon, wadda ke ci tana ƙarewa, ofareta na lura da ita duk tsawon fim. Duba wajen allo kuma. Alamar an faɗaɗa shi na nufin bayan 1953 ne, shekarar da CinemaScope, wato tsarin fim mai faffaɗan hoto, ya fito a Amurka. Amma kada ka ɗauki waɗannan shekaru ka manna wa garinku kai tsaye, domin sabon inji kan daɗe a hanya kafin ya isa wasu wurare.

Daga nan sai mutane. Kowa zai tura ka wajen iyalan mai gidan, kuma ka je, ko don ladabi. Sai dai abin da ke wajensu bai wuce labarin filin da yadda aka sayar ba. Wanda kake nema shi ne ofareta, ko mai yanka tikiti, ko mai shara. Ka gaishe shi da kyau, kada ka zaro waya ka ɗora masa a baki. Nemi izini tukuna. Kuma kada ka tambaye shi shekarar da aka rufe, zai ba ka lamba don kawai kada ka tashi hannu rabbana. Ka ce, "Baba, ranar da kuka haska fim na ƙarshe, babban ɗanku ya shiga makaranta?" Da haihuwa da aure da rasuwa ake auna lokaci, daga nan kai ka yi lissafinka.

Za ka ji kowa na cewa bidiyo ne ya kashe silima. Da gaskiyarsu, tunda bayan fitowar kaset ɗin bidiyo na VHS a 1976 kaset ya shiga gidaje, talabijin kuma tun kafin nan yake rage 'yan kallo. Amma amsar ta yi sauƙi da yawa. Tambayi yaushe aka daina samun sabon fim sai maimaici, yaushe inji ɗaya ya lalace aka ci gaba da ɗaya ana tsayawa tsakanin faifai, yaushe magidanta suka daina zuwa, yaushe kuɗin filin ya fi cinikin tikiti. Silima ba ta mutuwa rana ɗaya, jinya take yi.

Yanzu ne takarda za ta yi amfani. Je ɗakin karatu ka bi shafin talla na tsofaffin jaridu, ka nemo tallar farko da ta ƙarshe, ka gwada da abin da dattawan suka faɗa. In sun saɓa, rubuta duka biyun.

In Allah ya sa ka yi tuntuɓe da gwangwanayen fim a wani lungu, kada ka kwashe su zuwa ɗakin kwananka. Warin tsami na nufin fim ɗin ya fara ruɓewa, a ware shi daga sauran. Duba gefen fim ɗin: in an rubuta SAFETY da sauƙi, in NITRATE ne, wato naitiret ɗin nan, ko ruwa ba ya kashe wutarsa. Nesanta shi da zafi da ashana, ka ɗauki hoton rubutun da ke jikin gwangwanin, sannan ka nemi ma'aikatan gidan adana kayan tarihi su zo su ɗauka.