Idan abokin ciniki ya tambaya ina ofishinku yake

Jama'a, masu kamfanin da kowa daga gidansa yake aiki, kada ku ɓoye hakan. Da kun fara kame-kame, mutumin zai ɗauka dillalai ne ku, kuna karɓar kwangila ku miƙa wa wasu da araha ku ci riba a tsakiya. Wannan zargin shi ke kashe ciniki.

Ku faɗa tun a shafinku na intanet. GitLab, kamfanin manhajar kwamfuta, haka suke aiki, kuma kundin tsarin aikinsu a buɗe yake kowa ya karanta. Automattic, masu WordPress.com, sun rufe ofishinsu na San Francisco a 2017 don ma'aikata ba sa zuwa.

Tsoron mai ba da aiki shi ne ya tura saƙo ya ji shiru. To ku ware masa mutum ɗaya da ya san sunansa da fuskarsa, su gana ta bidiyo kafin a sa hannu. A rubuta cikin yarjejeniya lokutan da za a same ku, bisa agogonsa. Duk mako ku nuna masa aikin a allo, ko rabi aka yi. Rahoto a rubuce ba ya kwantar da hankali kamar gani da ido.

In kuwa da gaske wani ɓangaren a waje kuke bayarwa, ku ambata. Mai hulɗa da Tarayyar Turai ma dole ne: dokarsu ta kare bayanan mutane, wato GDPR, ta hana miƙa bayanan mutane ga wani ɗan kwangila sai da rubutaccen izinin mai aikin.