Darasi: Daidaita Mafarin Yanki a kan Faifan SSD

A shagunan gyara na Garwa da Marwa, har zuwa Kusuri da Njamena, ɗaya daga cikin ayyukan da ake kawowa shi ne a cire tsohon faifai mai juyawa daga kwamfutar gwanjo a sa mata SSD, wato faifan ajiya na zamani wanda ba ya juyawa. Wani lokaci sai a gama, mai kaya ya biya sefarsa, amma na'urar tana jan ƙafa wajen adana abu. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne inda yankin faifan, wato abin da masu gyara ke kira fatishan, ya fara. Ku tanadi alƙalami, don akwai ɗan lissafi.

Yadda SSD ke rubutu

Kwamfuta tana ƙirga faifai da sekta, kowace sekta galibi bayit 512 ce. A cikin SSD kuwa ba da wannan mudun ake awo ba. Yana rubutu ne shafi-shafi, shafin kan zama bayit 4,096, ko ninkinsa biyu, ko huɗu. Ba ya iya rubuta sabo a kan tsoho sai an goge, gogewar kuma ta dunƙule ce mai ɗauke da shafuka masu yawa. Tsarin ajiya irin su NTFS na Windows da ext4 na Linux su ma galibi suna yanka bayani gunduwa-gunduwa, bayit 4,096 kowace.

Idan yanki ya fara daidai bakin shafi, gunduwa ɗaya za ta zauna a shafi ɗaya, shi ke nan. Idan ya fara a karkace, kowace gunduwa sai ta hau kan shafi biyu. Kamar mai tumatir ne da ya baza tabarmarsa a kan iyakar rumfa biyu a kasuwa: kayan rumfa guda gare shi, amma kuɗin rumfa biyu za a karɓa. Dole SSD ya karanto shafukan nan biyu, ya gyara, ya sake rubuta su. Rubutu ya yi nauyi ke nan, kuma ƙwayoyin ajiyar, da yake gogewar da za su jure tana da iyaka, suna saurin tsufa.

Lissafin 63 da 2048

Tsofaffin manhajoji, har da Windows XP, suna fara yankin farko a sekta ta 63, gado daga zamanin da ake ƙirga sekta 63 a kowane zagaye na faifai. Ku buga: 63 sau 512 ya ba da 32,256. A raba da 4,096, za a samu 7, saura 3,584. Wannan sauran shi ne ciwon. Daga Windows Vista aka koma sekta ta 2048, wato bayit 1,048,576, megabayit ɗaya cif, wanda ke rabuwa gida 256 ba saura. Kayan aikin Linux na yanzu ma haka suke yi.

Gajeriyar hanya: ku raba lambar sektar da 8. In ba saura, an dace da shafi mai 4,096. In ta rabu da 2048, an dace da manyan shafukan ma, kuma shi muka fi so.

To ta ina karkata ke shigowa, tunda sababbin manhajoji sun gyara? Ta wajen kwafi. Idan aka kwafe tsohon faifai sekta bayan sekta, misali da umarnin dd, 63 ɗin nan zai biyo kayan har cikin sabon gida. Abin takaici, SSD da yawa suna gaya wa kwamfuta cewa sektarsu 512 ce, don haka ba wani gargaɗi da zai fito. Sai kun duba da kanku.

Dubawa

A Windows, ku buɗe PowerShell ku rubuta:

Get-Partition | Select DiskNumber, PartitionNumber, Offset

Lambar da ke ƙarƙashin Offset bayit ce, ku raba ta da 4,096. Umarnin ba ya canzawa ko da Windows ɗin na Faransanci ne, kamar yawancin na wajenmu. A Linux kuma:

sudo fdisk -l /dev/sda

Ku dubi sektar farko ta kowane yanki, ba na farkon kaɗai ba, don yanki na biyu na iya karkacewa alhali na ɗaya lafiya lau.

Idan akwai LVM

Nan ne ake yawan tuntuɓe. LVM hanya ce a Linux ta tara faifai ko yankuna su zama rumbu ɗaya, sannan a riƙa yankar wa kowane aiki rabonsa, a ƙara ko a rage yadda ake so. Hawa uku ne: PV shi ne yankin da aka ba LVM, VG rumbun, LV kuma rabon da ake zuba fayil a ciki. LVM yana ajiye bayanin kansa a goshin PV, kaya su fara bayansa. A gani da:

sudo pvs -o +pe_start

Na zamani zai nuna 1.00m, wato megabayit ɗaya. Wanda aka yi da tsohon LVM yakan nuna 192.00k, wato kilobayit 192, wanda ya rabu da 4,096 amma bai kai megabayit ba. Ana iya zama da shi. Daga can LVM yana yanka rabo da ma'aunin megabayit 4, saboda haka in goshin ya daidaita, duk LV ɗin da aka yanka sun daidaita.

Amma kada 1.00m ɗin nan ya ruɗe ku. Daga bakin yanki ake ƙirga shi, ba daga bakin faifai ba. Yankin da ya fara a 32,256, a ƙara masa 1,048,576, ya zama 1,080,832. Ku raba da 4,096, sauran 3,584 yana nan daram. Ginin sama ba ya gyara tushe.

Ga yadda ake shirya sabon faifai. Ku tabbatar da sunansa (a misalin nan /dev/sdb ne) da umarnin lsblk sau biyu, domin layin farko yana shafe tsarin duk abin da ke kai:

sudo parted /dev/sdb mklabel gpt
sudo parted -a optimal /dev/sdb mkpart ajiya 1MiB 100%
sudo pvcreate --dataalignment 1m /dev/sdb1
sudo vgcreate shago /dev/sdb1
sudo lvcreate -L 50G -n takardu shago
sudo mkfs.ext4 /dev/shago/takardu

Gyaran wanda ya riga ya karkace

Kafin komai, a kwafe kayan mutane zuwa wani faifai na daban. A shagon gyara amana ce a hannunku: hotunan biki, takardun makaranta, lissafin ɗan kasuwa na shekara da shekaru.

Yanki na yau da kullum ana matsar da shi da manhajar GParted, daga filashi, a zaɓi daidaitawa da MiB, wato megabayit. Sai dai aikin yana ɗaga kowane bayit ne ya sauke shi gaba kaɗan, yakan ci awoyi, kuma in aka ɗauke wuta a tsakiya, kaya sun raba ƙafa, da wuya a haɗa su. Kun san halin wuta a bazara. Kada ku fara sai da batir mai rai ko sola. Windows ma yana iya ƙin tashi bayan an matsar da yankinsa, sai an gyara masa mafari da filashin girkawa. Shi ya sa sau da yawa muka fi son a yanka faifan sabo, a girka, a mayar da fayiloli.

Mai LVM ya fi sa'a. A haɗa sabon PV mai daidaito cikin rumbun da umarnin vgextend, a kwashe kaya da pvmove, a cire tsohon da vgreduce. In wuta ta katse, a sake kiran pvmove shi kaɗai ba tare da suna ba, zai ɗora daga inda ya tsaya. Bayan an gama, a buga sudo fstrim -av domin SSD ya san shafukan da ba kowa a ciki.

Aikin gwaji

Ga mafarin yankuna huɗu a sekta: 63, 2048, 206848, 16065. Ku raba kowanne da 8 a littafinku, ku rubuta saura, sannan ku ja layi a ƙarƙashin waɗanda za ku yarda ku ɗora LVM a kansu.