Yadda ake cire faifan birki da tsatsa ta kama a jikin a-kori-kura

Duk wanda ya taɓa aikin mota a Jidda, ko Yanbu, ko Jizan a Saudiyya, ya san abin da iskar Bahar Maliya take yi wa ƙarfe. Danshi da gishiri suna shiga tsakanin faifan birki da kan ƙarfen da yake zaune a kai, tsatsa ta kumbura a wurin, har su biyun su manne kamar an yi musu walda. Motar a-kori-kura, wadda mutanen nan suke kira wanet, ta fi fuskantar wannan, domin tana ratsa ruwan da yake kwanciya a titi bayan ruwan sama, ana kuma yawan barin ta watanni ba a kwance tayarta ba. In za a je sayen sabon faifai a Sina'iyya, unguwar garejoji da shagunan kayan mota, a tuna cewa masu shago sun fi sanin sa da hob, takalman birkin gaba kuma fahmat.

A tsayar da motar a daɓe mai ƙwari, a tokare tayoyin da za su zauna a ƙasa, a sassauta notukan taya kafin a ɗaga. Bayan an ɗaga, a ɗora motar a kan ƙafar ƙarfe. Kada a dogara da jak shi kaɗai ko da na minti ɗaya ne, saboda aikin nan na duka ne da jijjiga, kuma mota mai nauyin kusan tan 2 in ta zame ba ta ba mutum lokacin janye ƙafa. Sai a cire taya, a kwance kalifa, wato ƙarfen da yake matse takalman birki a jikin faifan, a rataye ta da waya a jikin sifirin, kada nauyinta ya sauka a kan tiyon man birki, sannan a kwance ƙarfen da yake riƙe da ita, wanda galibi manyan notuka 2 ne suke ɗaure da shi ta baya.

Kafin a ɗauki guduma, a tabbatar cewa tsatsa ce kaɗai take riƙe da faifan, domin a nan ne na fi ganin ana ɓarna. Wasu motoci suna da ɗan sukuru a fuskar faifan, wasu kuma siririn zobe a gindin ƙusar taya. Tsofaffin Hilux da dama faifansu na gaba ta baya aka ɗaure shi da notuka, ba ya fita sai an ciro shi tare da ƙarfen tsakiya da boris, ko da za a wuni ana duka. Manyan motocin Amurka irin su GMC Sierra da Ford F-150 kuwa, da dama daga cikinsu suna da ƙananan takalman birkin hannu a cikin faifan baya, don haka dole a saki birkin hannu, in kuma takalman sun ci rami a ciki sai a nemo ƙaramin haƙorin da ake juyawa da sukudireba a janye su.

Idan an tabbatar, a goge da'irar tsakiya da burushin ƙarfe, a fesa man da yake ratsa tsatsa a kewayenta da gindin kowace ƙusa, a ba shi kamar minti 20. Haƙurin nan rabin aikin ne. A mayar da notuka 2 a kan ƙusoshin ba tare da an ɗaure ba, su kare zaren daga kuskuren guduma, su kuma tare faifan in ya ɓalle.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ta ramuka 2 masu zare da ake samu a fuskar faifan yawancin motocin Japan. Ana murɗa noti mai girman M8, wato mai kaurin milimita 8, a kowane rami, bakinsa ya tokari ƙarfen da yake baya ya turo faifan waje. A riƙa yin rabin juyi nan, rabin juyi can, domin in aka matsa gefe ɗaya faifan zai karkace ya ƙara cijewa, zaren ramin ma yana iya cinyewa. In sun yi tauri a dakata, a buga guduma a tsakanin ƙusoshi, a ƙara mai, a ci gaba. Sau da yawa sai a ji ya yi ƙas, ya saki.

Inda babu ramukan, guduma ce za ta yi aiki, amma a san wurin bugawa. In za a mayar da faifan, a riƙa bugun tudun tsakiya kawai ana juya shi, ba a taɓa wurin da takalmi yake kamawa ba. In na zubarwa ne, a buge shi ta baya kusa da baki, ana juyawa bayan kowane bugu. Wuta ita ce ta ƙarshe, kuma ba na son ta a hannun wanda bai saba ba, domin zafi yana narkar da giris ɗin boris, yana lalata na'urar ABS mai hana taya kullewa in an taka birki, man da aka fesa kuma yana kamawa. In ya zama dole, a gasa kewayen tsakiya kaɗan bayan an goge man.

Da faifan ya fita, a kankare fuskar da ya zauna a kai har ta yi ƙyalli, saboda ɓurɓushin tsatsa kaɗan ya isa ya sa sabon faifai ya zauna a karkace, sitiyari ya riƙa rawa duk lokacin da aka taka birki. A shafa giris mai jure zafi, shafa ɗaya siririya, a da'irar tsakiya kawai. Mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi yana rubuce a jikin faifan. In ya gaza haka a canza shi tare da na ɗaya gefen. A wanke duk wani maiƙo daga fuskarsa, a ɗaure notukan taya ana tsallakawa daga wannan zuwa na daura da shi, sannan a taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin a motsa motar daga wurin.